Babi na Uku: Mai Shari'a Mamman Nasir, Daga Kujerar Kotu Zuwa Sarautar Galadiman Katsina

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan yadda aka tsara mulkin gunduma a ƙasar Katsina tun daga zuwan Turawa. A wannan babi kuwa za a dubi rayuwar mutum guda, wato Mai Shari'a Mamman Nasir (1929-2019), wanda ya riƙe Ministan Shari'a na Jihar Arewa, ya yi alƙalanci a Kotun Ƙoli, ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara, daga ƙarshe ya koma gida aka naɗa shi Galadiman Katsina kuma Hakimin Malumfashi. Dalilin zaɓen wannan bawan Allah shi ne, duk wani mataki da aka bi aka raba sarakuna da kotu da 'yan doka ya faru ne a kan idonsa, a wasu lokuta ma yana cikin manyan jami'an gwamnatin da suka aiwatar. Sai ga shi a ƙarshen rayuwarsa ya karɓi irin sarautar da aka rage wa iko. Saboda haka tarihinsa zai taimaka wajen amsa wata tambaya wadda har yau take damun talaka: wane ne ke da alhakin tsaron gunduma, kuma wa ya ɗora shi a kan wannan aiki?

3.1 Alƙali da Ɗan Doka a Zamanin En'e

Bayan da Turawa suka ci manyan biranen ƙasar Hausa a shekarar 1903, Gwamna Lugga bai rushe tsarin da ya tarar ba. Ya bar wa sarakuna kotunan alƙalai da dogarai da gidajen yari, aka haɗa su a ƙarƙashin abin da aka sani da Hukumar En'e. Sarki shi ke naɗa alƙali da amincewar Razdan, baitulmalin En'e ke biyan albashinsa. Haka kuma sarakunan yanka suna da tasu kotun a fada, wadda take iya yanke hukuncin kisa, ko da yake ba a zartarwa sai Gwamna ya sa hannu. Wannan tsari haka yake a manyan En'e-En'e irin su Kano da Katsina, haka yake a ƙanana irin su Gumel da Kazaure.

Wajen ƙarshen shekarun 1920 aka fara horar da 'yan doka masu kayan sarki irin na zamani, aka kuma ƙirƙiro muƙamin Wakilin Doka don ya shugabance su. Abin lura a nan shi ne, galibi 'ya'yan sarki ake ɗorawa a kan wannan muƙami. A Katsina Usman Nagogo ya riƙe shugabancin 'yan doka kafin ya gaji mahaifinsa Sarki Muhammadu Dikko a 1944. A Kano ma, Ado Bayero ya ci zaɓen Majalisar Dokokin Jihar Arewa a 1954, amma a 1957 ya bar kujerarsa ya karɓi Wakilin Doka. Wannan ya nuna cewa a wancan zamani muƙamin da sarki ya naɗa yana iya fin wanda ƙuri'a ta bayar daraja a idon jama'a.

Idan aka kwatanta da wasu ƙasashe za a ga bambanci. A Amurka, alal misali, akwai wani jami'i da ake kira sherif, wanda ke kula da tsaron gunduma da gidan wakafi da kuma zartar da umarnin kotu, kuma a mafi yawan jihohin ƙasar jama'a ne ke zaɓensa da ƙuri'a. Asalin muƙamin daga Ingila yake, inda a zamanin da shi ne wakilin sarki a yankin karkara, wato dai kusan matsayin hakimi a wurinmu. Amurkawa suka mayar da shi na zaɓe. A ƙasar Hausa kuwa ba a taɓa sa mai riƙe da sandar doka ya tsaya takara gaban talakawa ba.

Illar tara alƙali da ɗan doka da yari a hannu ɗaya ta fito fili ne bayan da siyasar jam'iyyu ta kankama. An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, sannan NPC ta zama jam'iyyar da yawancin sarakuna da ma'aikatan En'e suka karkata gare ta. Ɗan NEPU da ke son yin lacca dole ya nemi izini wurin En'e. In ya yi ba izini, ko aka ce ya zagi sarki, ɗan dokar En'e ne zai kama shi, alƙalin En'e ya yi masa shari'a a kotun da doka ta hana lauya shiga, sannan a kai shi gidan yarin En'e. Wannan ita ce babbar ƙarar da Malam Aminu Kano da mabiyansa suka yi ta kaiwa har zuwa faɗuwar Jamhuriya ta Farko. A cikin wannan yanayi ne Mamman Nasir ya fara aiki.

3.2 Karatu da Farkon Aiki

An haifi Mamman Nasir a ƙasar Katsina a shekarar 1929, zamanin Sarki Dikko. Ya yi karatu a Kwalejin Kaduna, wadda asalinta ita ce Kwalejin Katsina, daga baya kuma ta koma Zariya ta zama Kwalejin Barewa. Ya gama a 1947. A farkon shekarun 1950 Gwamnatin Arewa ta lura ba ta da lauyoyi 'yan ƙasa, alhali mulkin kai yana ƙaratowa. Saboda haka ta ɗauki nauyin wasu samari zuwa Ingila don koyon aikin lauya, a cikinsu akwai Mamman Nasir da Muhammadu Bello, dukansu Katsinawa. Shi Muhammadu Bello shi ne ya zama Babban Jojin Nijeriya daga 1987 zuwa 1995. Mamman Nasir ya sami shaidar zama lauya a Lincoln's Inn da ke London a 1955, ya dawo gida aka ɗauke shi lauyan gwamnati a 1956.

Shekarun da ya yi a wannan aiki sun dace da lokacin da ake yi wa shari'ar Arewa garambawul. Ƙananan ƙabilu sun bayyana tsoronsu game da kotunan alƙalai a gaban kwamitin Willink a 1957 da 1958, Turawa kuma suka nuna sai an yi gyara kafin mulkin kai. A 1958 Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ya gayyato kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, tare da Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan da Farfesa Anderson na Jami'ar London da wasu dattawan Arewa. Shawarar wannan kwamiti ce ta haifar da kundin hukunta laifuffuka da aka fi sani da Final Kod, wanda ya fara aiki a 1960. Daga nan aka daina hukunta manyan laifuffuka kai tsaye daga littattafan Malikiyya, aka kuma kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci don sauraron abin da ya shafi aure da gado da makamantansu.

3.3 Ministan Shari'a na Jihar Arewa

A 1961 aka naɗa Mamman Nasir Ministan Shari'a na Jihar Arewa, yana da kimanin shekara 32 a duniya, ya kuma riƙe muƙamin har juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966, wanda aka kashe Sardauna a cikinsa. Aikin da ya faɗo kan ma'aikatarsa ba ƙarami ba ne. Akwai alƙalai masu yawa waɗanda iliminsu na Larabci ne, sun ƙware a Risala da Mukhtasar, amma yanzu an ce su yi hukunci da kundin da aka rubuta bisa salon Turawa. Dole aka fassara dokokin zuwa Hausa, aka riƙa kai alƙalai kwas a Makarantar Koyon Aikin Mulki ta Zariya, aka kuma ƙarfafa aikin sufetocin da ke zagayawa suna duba littattafan kotu.

Sai dai kuma gaskiya ta wajaba a faɗa. Shi minista ne a gwamnatin NPC, kuma a waɗannan shekaru ba a daina ɗaure 'yan adawa a kotunan En'e ba, musamman lokacin zaɓen 1961 da na 1964. An gyara littafin da alƙali yake hukunci da shi, amma wanda yake naɗa alƙalin da wanda yake ba ɗan doka umarni bai sake ba. Gwamnatin da ta dogara da sarakuna wajen samun ƙuri'a ba za ta iya ƙwace musu kotu ba. Abin da farar hula suka kasa yi, sai soja ne suka yi shi.

3.4 Gyare-gyaren Soja

Bayan juyin mulki, Hassan Usman Katsina, wanda shi kansa ɗan Sarki Nagogo ne, ya zama Gwamnan soja na Arewa. A zamaninsa aka shirya dokar da ta soke kotunan sarakuna, ta mayar da kotunan alƙalai zuwa kotunan yanki a ƙarƙashin Babban Jojin jiha. Dokar ta fara aiki ranar 1 ga Afrilu, 1968. A daidai wannan lokaci Gwamnatin Tarayya ta karɓe gidajen yarin En'e, aka kuma fara shigar da 'yan doka cikin rundunar 'yan sandan Nijeriya. Cikin 'yan shekaru kaɗan sarki ya wayi gari ba shi da kotu, ba shi da yari, ba shi da ɗan doka, sai dogaran fada.

A wannan lokaci Mamman Nasir ya koma aikin lauyan gwamnati. A 1967 ya riƙe Daraktan Gabatar da Ƙararraki, sannan da Janar Gowon ya raba ƙasa jihohi 12 a watan Mayu na wannan shekara, ya zama babban lauyan gwamnatin Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda ta haɗa lardunan Katsina da Zazzau. Ke nan yana cikin manyan jami'an shari'a na jihar a shekarun da ake aiwatar da sabon tsarin a ƙasar haihuwarsa.

Mataki na ƙarshe shi ne gyaran ƙananan hukumomi na 1976, wanda ya rushe En'e baki ɗaya, ya kafa majalisun ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk faɗin ƙasa. Malumfashi ta zama ƙaramar hukuma, tana kuma cikin guda bakwai da Jihar Katsina ta fara da su lokacin da aka ƙirƙiro ta ranar 23 ga Satumba, 1987. Wani abin da ya kamata a lura da shi shi ne, ikon tsaro da aka karɓe daga hannun hakimi ba a miƙa shi ga zaɓaɓɓen shugaban ƙaramar hukuma ba. An kai shi ne can sama, wurin Sufeto Janar na 'yan sanda.

3.5 A Kotun Ƙoli da Kotun Ɗaukaka Ƙara

A 1975, zamanin Janar Murtala Muhammad, aka naɗa Mamman Nasir alƙali a Kotun Ƙoli. A shekara mai bi aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya don ta tsaya tsakanin manyan kotunan jihohi da Kotun Ƙoli, Mai Shari'a Dan Ibekwe ya zama shugabanta na farko. Da ya rasu a 1978, Mamman Nasir ya gaje shi, ya kuma shekara 14 a kan kujerar, har 1992 lokacin da Mai Shari'a Mustapha Akanbi ya karɓa.

Shekarar da ya hau wannan kujera ita ce shekarar da aka yi zazzafar muhawara a Majalisar Tsara Tsarin Mulki a kan kafa kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'ar Musulunci a matakin tarayya, har wakilai Musulmi da dama suka fice daga zauren a watan Afrilu na 1978. Sulhun da aka cim ma shi ne, ba za a kafa kotu ta dabam ba, amma dole Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙunshi aƙalla alƙalai uku masana shari'ar Musulunci, da uku masana dokokin al'ada. Saboda haka ƙarar gado ko ta aure da ta taso daga kotun yanki a ƙauye tana iya hawa har ta iso kotun da yake shugabanta. Haka kuma ƙararrakin zaɓen gwamnoni na 1983 sun bi ta wannan kotu kafin su kai Kotun Ƙoli. Ya yi aiki a ƙarƙashin gwamnatocin Obasanjo da Shagari da Buhari da Babangida, wato na farar hula guda ɗaya da na soja uku, waɗanda sau da yawa dokokinsu kan hana kotu sauraron wasu ƙararraki.

3.6 Sarautar Galadima

Sarautar Galadima tsohuwa ce a Katsina tun zamanin sarakunan Haɓe. Bayan jihadi ta koma hannun Fulani Danejawa, zuriyar Galadima Dudi, mazauninta kuma Malumfashi a kudancin ƙasar Katsina, yankin noman auduga da masara da dawa. Galadima yana cikin masu zaɓen Sarkin Katsina tare da Ƙaura da 'Yanɗaka da Durɓi.

Neman sarautar hakimi shi ma takara ce, ko da yake ba ta akwati ba ce. Idan kujera ta faɗi, waɗanda suke da gado a gidan sukan nuna sha'awarsu, kowa da dattawan da ke mara masa baya. Majalisar sarki ta duba asali da ilimi da hali, sarki ya tsayar da mutum guda, gwamnatin jiha ta amince, sannan a sa ranar naɗi. Talakawan gunduma ba su da ƙuri'a a ciki, sai dai ra'ayinsu ya isa fada ta bakin dagatai da malamai da attajirai. Ta wannan hanya Sarki Muhammadu Kabir Usman ya naɗa Mamman Nasir Galadiman Katsina a watan Mayu na 1992, zamanin Gwamna Sa'idu Barda.

Idan aka duba abin da ya tarar, za a ga ba irin hakimcin shekarun 1950 ba ne. A Malumfashi akwai shugaban ƙaramar hukuma wanda jama'a suka zaɓa, shi ke riƙe da kuɗi. Akwai Baturen 'yan sanda wanda ke karɓar umarni daga Kwamishina a Katsina. Akwai alƙalin kotun yanki da majistare waɗanda ke ƙarƙashin Babban Joji. Abin da ya rage wa hakimi shi ne sasanta rikicin gona da burtali da gado kafin ya kai kotu, kula da dagatai da masu unguwanni, sanin baƙon da ya shigo gari, da kuma isar da kukan jama'a ga hukuma. Shi kuma tsohon alƙali yana da nasa ƙaidin, domin tsarin mulki ya hana wanda ya bar kujerar babbar kotu komawa ya tsaya a gaban kotu a matsayin lauya, kamar yadda yake a sashe na 292 na tsarin mulkin 1999. Ana iya cewa sarauta ta ba shi wurin da zai ci gaba da amfani da iliminsa, shi kuma ya kawo wa sarautar kwarjinin da doka ta rage mata. Mai ƙarar da ya san wanda ke zaune a zaure ya shekara 14 yana duba hukuncin manyan joji-joji, da wuya ya raina sulhun da aka yi masa.

A matsayinsa na Galadima yana cikin masu zaɓen sarki lokacin da Sarki Kabir ya rasu a watan Maris na 2008, aka naɗa ɗansa Abdulmumini Kabir Usman. Wannan shi ma wani nau'in zaɓe ne, wanda mutane ƙalilan ke yi a madadin miliyoyi.

3.7 Hidimar Ƙasa a Zamanin Abaca

Rawani bai raba shi da harkokin ƙasa ba. Lokacin da Janar Sani Abaca ya kira Taron Tsara Tsarin Mulki a watan Yuni na 1994, Mai Shari'a Adolphus Karibi-Whyte ne shugaba, Mamman Nasir kuma mataimaki. Bayan taron ya miƙa rahotonsa a 1995, aka ɗora shi a kan kwamitin aiwatar da shirin miƙa mulki ga farar hula. A ƙarƙashin wannan shiri aka yi zaɓen ƙananan hukumomi ba tare da jam'iyyu ba a watan Maris na 1996, aka sake yin wani bisa jam'iyyu a Maris na 1997.

Wannan shi ne ɓangaren tarihinsa da aka fi yin saɓani a kai. Shirin ya ƙare ne da jam'iyyu biyar ɗin da aka yi wa rajista duk sun tsayar da Abaca a matsayin ɗan takararsu a watan Afrilu na 1998, kafin rasuwarsa ranar 8 ga Yuni ta kawo ƙarshen al'amarin. Masu suka suna ganin dattawa irinsa sun ara wa shirin mutuncinsu alhali an san inda ya dosa. Masu kare shi kuwa suna ganin gara a sami mai hankali a ciki da a bar wa waɗanda ba su san doka ba. A ra'ayin wannan nazari, abin da ya faru ya yi kama da na shekarun 1960: ƙwarewar masanin shari'a tana iya gyara ƙa'idojin da aka rubuta, amma ba ta isa ta tanƙwara mai riƙe da iko ba.

3.8 Kammalawa

Mai Shari'a Mamman Nasir ya rasu ranar 13 ga Afrilu, 2019, yana da shekara 89, bayan ya shekara kusan 27 yana Galadima. Wanda ya gaje shi, Mai Shari'a Sadiƙ Abdullahi Mahuta, tsohon Babban Jojin Jihar Katsina ne. A wannan shekara ta 2019 kuma Mai Shari'a Sidi Bage ya bar Kotun Ƙoli ya zama Sarkin Lafiya a Jihar Nasarawa. Wannan ya nuna cewa masarautu sun gane amfanin ɗora masana doka a kan kujerun da a yanzu ƙarfinsu ya dogara ga mutuncin mai riƙe da su.

Amma tambayar da aka buɗe babin da ita tana nan. Sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a Nijeriya. Hakimi ya san kowane lungu na ƙasarsa amma ba shi da dakaru. Shugaban ƙaramar hukuma yana da ƙuri'ar jama'a amma ba shi da iko a kan ɗan sanda ko ɗaya. Baturen 'yan sanda yana da bindiga amma ana iya ɗauke shi gobe, kuma talaka ba shi da hanyar tuhumarsa. Da matsalar 'yan bindiga ta addabi kudanci da yammacin Katsina, wannan giɓi ya fito sarari, har Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaro ta 'yan sa-kai ta jiha a watan Oktoba na 2023. Duk wanda ke kiran a mayar da 'yan sanda hannun jihohi ko ƙananan hukumomi ya kamata ya tuna dalilin da ya sa aka karɓe 'yan doka a 1968, haka kuma mai son a bar abin yadda yake ya kamata ya dubi halin da ƙauyuka suka shiga. A babi na gaba za a dubi dangantakar hakimai da shugabannin ƙananan hukumomi daga 1976 zuwa yau.